Layin da Na Soke

Waya ɗaya ce a ofishinmu na Kalgo. Baƙa ce, mai nauyi, a kan teburin da ke bakin ƙofa. Ba ta ofis kaɗai ba ce. Duk mai ɗa a Legas ko Fatakwal, daga Diggi har Wurogauri, lambarta yake bayarwa. Malam Atiku masinja shi ke ɗauka, shi ke aikawa a kira mutum. Ya haura sittin, kuma ya fi shugaban ofis sanin abin da ƙasar ke ciki.

Ni na kashe wayar nan, a daminar 1998. Ba wanda ya sani. Ni ma da farko ban sani ba.

Ofishin na wani shiri ne mai sa ido kan cututtukan shanu. Babban ofis yana Gwandu, garinmu. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, aka ɗauke ni goge tebura a ɗakin kwamfuta. Injiniya Lukuman ya lura ina karanta littattafan da ke zuwa cikin kwalaye tare da injina, sai ya fara koya mini. Bayan shekara biyu aka tura ni Kalgo, aka ce injinan can suna hannuna.

A kowane ofis akwai wani akwati da ake kira rauta. Aikinsa sanin hanya. In Lami, mai buga takardunmu, ta gama rahoto ta danna, rauta ne zai duba ta inda saƙon zai bi ya isa Gwandu. Hanyar ta rediyo ce, doguwar eriya nan, doguwar eriya can. Da hadari ya taso sai ta yanke. Shi ya sa aka kawo modem, na'urar da ke sa inji ya yi magana ta waya, aka ce a haɗa shi da layin waya. In rediyo ta faɗi, rauta ya buga waya da kansa, ya isar da abin da ke gare shi, in an yi minti biyu ba magana ya ajiye. Gwandu layi biyu gare su, suka ware wa injin ɗaya. Mu ɗaya ne, don haka injin da mutane za su yi tarayya a kansa. Injiniya ya ce ba komai, ai ba kullum rediyo ke faɗuwa ba.

Ana cikin aikin aka kira shi kwas Kaduna. Ya bar mini takarda da rubutun hannunsa, umarni layi ashirin da biyu, ya ce in shigar da su a rautan Gwandu, in shigar a na Kalgo, kada in ƙara kada in rage.

Rautoci suna gaisawa. Ba wasa nake ba. Kowace daƙiƙa goma na Kalgo zai ce wa na Gwandu halo, na Gwandu ya mayar. Haka littafin ya kira abin, halo, kamar yadda mutum ke cewa in ya ɗauki waya. In aka yi halo huɗu ba amsa, sai ya ɗauka ɗan'uwansa ya mutu, ya share hanyarsa daga ransa. Wannan ya burge ni tun ranar da na fara karanta shi.

Layi na goma sha huɗu a takardar Injiniya cewa ya yi halo ba magana ba ce. Kada a buga waya dominta, kada a riƙe layi dominta.

Na daɗe ina kallon layin nan. A gidanmu, in ka wuce babba ba ka durƙusa ba, mahaifina yakan mayar da kai har inda ka fito ka sake tahowa. Ya rasu ina aji huɗu, amma har yau in na shiga ɗaki babu kowa sai na yi sallama. Tun muna yara aka koya mana cewa kwana uku ba gaisuwa tsakanin 'yan'uwa gaba ce. To ga injina biyu da aka ƙera su suna tambayar lafiyar juna, an ce in rubuta da hannuna cewa wannan ba magana ba ce. Na ce a raina Injiniya sauri ya yi. Wanda ba ka gaishe shi ba, ta ina za ka san yana raye?

Na sa biro na soke layin. Na shigar da ashirin da ɗaya a Gwandu, na shigar da ashirin da ɗaya a Kalgo.

Da na gwada, na zare igiyar rediyo, ko ƙiftawar ido ba a yi ba saƙo ya wuce ta waya. Littafin ya ce sai an jira kusan minti guda. Na ji kaina ya yi girma. Ban tambayi kaina dalilin saurin ba. Injiniya ya dawo, ya duba fitilu duk kore, ya dafa kafaɗata, ya canza kalmar sirrin rautan Gwandu kamar yadda ya saba, na hau mota na koma Kalgo.

A satin ne aka fara cewa waya ta lalace. In ka ɗauka sai ka ji shuuu da ƙara kamar ana soya abu a mai. Ba wanda ya yi mamaki. Waya a ƙasarmu takan mutu wata biyu ta farfaɗo. Shugaban ofis ya sa aka kai rahoto Birnin Kebbi, aka zauna jira. Mu dai saƙonninmu na tafiya ta kwamfuta.

Ranar wata Juma'a da hantsi na fito daga ɗakin injina na tarar da wata tsohuwa zaune a kan bencin da ke gefen wayar. Bafillatana ce, siririya, da baƙin zane, ta ajiye takalmanta a ƙarƙashin benci an jera su. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Wayar take kallo.

A bayan ofis, wajen janareta, Malam Atiku ya ba ni labarinta. Sunanta Hajjo, daga Wurogauri. Mijinta, marigayi, abokinsa ne. Ɗanta na fari Hamidu ya ƙi kiwo, ya ce shi bin motar shanu zai yi zuwa kudu. Ta ce bai isa ba. Safiyar da zai tafi ya tsaya ƙofar ɗakinta ya yi sallama sau uku. Tana ciki tana kaɗa nono, tana jinsa, ba ta amsa ba. Shekara biyu ke nan. Ko saƙon baki bai aiko ba.

Sai ga wasiƙa ta hannun wani direba, da ajami. Malam Atiku ne ya karanta mata, kuma ya haddace ta. Yaron ya ce yana Agege. Zai buga wayar ofishinmu ranar Juma'a ƙarfe goma sha ɗaya, Juma'a huɗu a jere. In ta ɗauka, ko ba ta ce komai ba, ya san ta huce. In har aka yi huɗun ba a ɗauka ba, to ya gane, ba zai sake damun kowa ba.

Na ce ai ya kamata a gaya mata wayar ba ta aiki. Ya ce ya gaya mata, ta ce ita ba wurin aiki ta zo ba, wurin zama ta zo.

"Kuma wayar ga ba mutuwa ta yi ba," in ji shi. "Tsoron janareta take. Da sassahe in na buɗe ohis, lahiyarta lau. Da na tada wanga tsoho," ya harbi janareta da ƙafa, "sai ta kama kuka."

Na yi dariya don ya ji daɗi. Dariyar ba ta kai cikina ba.

Hajjo ta zauna har aka fara shirin masallaci. Ta sa takalmanta, ta yi wa kowa sai an jima, ta tafi.

Satin nan ban yi wa kowa magana sosai ba. Dama ba ni da yawan magana, ba wanda ya lura. Akwai umarni guda da in ka buga wa rauta zai gaya maka abin da ya sa ya ɗauki waya da tsawon lokacin da ya yi a kanta. Kalmomi biyu ne. Kullum sai in zauna gaban allon, in yi wani abu daban.

Juma'a ta biyu ta zo da ƙwaryar nono, ta ba Lami, ta ce a raba. Ta koma mazauninta. Lami ta so ta ɗebe mata kewa, ta tambaye ta sunan ɗan nata. Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Malam Atiku ya ce wa Lami ke 'yar birni, wa ya gaya miki uwa na faɗin sunan ɗan fari. Lami ta ce ita da ta haifi nata sunansa take kira har da laƙabi. Ya ce shi ya sa ba ya jin maganarta. Aka yi dariya. Hajjo ma ta ɗan murmusa. In za ta ambaci yaron, cewa take wancan.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta yi, ta wuce. Ina ɗakin injina, ƙofa a buɗe, ina ganin gefen fuskarta. Na buga kalmomin biyu.

Rauta ya ce ya buga waya ƙarfe takwas da minti huɗu, wato da tashin janareta. Dalili, halo. Yana kan layi awa uku da wani abu. Ƙidayar minti biyun da zai ajiye ba ta taɓa wuce daƙiƙa goma ba, don duk sanda ta fara sai wata halo ta zo ta mayar da ita farko. Rediyo kuwa lafiyarta ƙalau. Ba wani saƙo da ke bin wayar. Injina biyu ne kawai, tun safe, ɗaya na cewa kana nan, ɗaya na cewa ina nan.

Na sha nonon da Lami ta miƙo mini. Ban san yadda zan ƙi ba.

Da na tashi a ranar na gaya wa Injiniya, da labarin ya canza. Ban tashi ba. Na yi tunanin hannun da ya dafa kafaɗata. Na ce zan gyara a ɓoye. Na mayar da layi na goma sha huɗu a rautan Kalgo, amma na Gwandu ba ni da kalmar sirrinsa, kuma da namu ya yi shiru sai nasu ya bugo, modem ɗinmu ya ɗauka kafin wayar ta yi ko ƙara ɗaya. Sai na yi wata dabara. Na ce ranar Juma'a zan zare igiyar modem gaba ɗaya. In ba mai ɗauka, na Gwandu zai gaji. Haka na zata. Da mutum nake auna inji.

Juma'a ta uku, ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata, na miƙa hannu bayan akwatin na zare igiyar. Na fito na tsaya jikin bango.

Ba a yi minti ɗaya ba wayar ta yi ƙara.

Sati biyar ba a ji wannan ƙarar a ofis ba. Lami ta ɗaga hannu daga kwamfuta. Malam Atiku ya ce Allahu akbar a hankali, ya ɗauki kan wayar da hannu biyu ya miƙa wa Hajjo, ya gyara mata shi don ta juya shi sama ƙasa. Ta kara a kunne.

"Halo," in ji ta. Malam Atiku ne ya koya mata kalmar.

Daga inda nake ina jin abin da take ji. Wata siririyar ƙara, shiru, siririyar ƙara. Ta sake cewa halo. Ta ce, "Ni ce." Sannan ta faɗi wani abu da Fillanci wanda ban gane ba. Layin ya yanke.

Malam Atiku ya ajiye mata. Rautan Gwandu ya sake bugowa. Ta sake ɗauka.

Sau bakwai. Na ƙirga. A na huɗu Malam Atiku ya karɓa ya saurara, ya ce wannan ba mutum ba ne, Goggo. Ta ce ya ba ta. Wataƙila wancan ne yake magana, nisa ya sa muryar ta koma haka. Tsakanin bugu da bugu layin bai fi numfashi uku yana sake ba. Ko da wani a Agege yana ta gwadawa, ba ta inda zai shigo.

Na koma ciki na mayar da igiyar. Wayar ta yi tsit. Hajjo ta daɗe riƙe da gefen tebur. Da za ta tafi ta tambayi Malam Atiku ko laifinta ne, ko ba ta iya faɗin kalmar ba ce.

Ranar Litinin na nemi Injiniya, aka ce yana taro Birnin Kebbi har Talata. Ina iya aika masa saƙo ta kwamfuta. Na fara, na goge. Irin wannan magana ba a ba inji ya kai. Laraba da safe na hau mota zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Gwandu. An yi ruwa, gero ya kai gwiwa wajen Dalijan, mata na ta aiki a gona. Takardar tana aljihuna, na ninke ta huɗu.

Na same shi yana cin gyaɗa a ɗakin injina. Na gaishe shi. Na miƙa masa takardar. Ya buɗe, idonsa ya sauka kan layin da na soke. Ya juya ga allo ya buga kalmomin nan biyu. Ya daina tauna.

Ya tambaye ni tun yaushe. Na gaya masa. Ya tambaye ni dalili. Na gaya masa wannan ma, yadda na yi tunaninsa, ban rage ba. Na zaci zai yi faɗa. Da ya yi da na fi jin sauƙi.

"Abdulgani," ya ce, "wa ya ce maka an hana su gaisawa? Ga rediyo nan, su gaisa har su gaji. Cewa aka yi kada su tare ƙofar mutane suna yi."

Ya jawo kujera ya ce in zauna, ni zan gyara da hannuna. Ya sa na karanta masa layi na goma sha biyar da ƙarfi, ya ce in gaya masa abin da yake yi. Hanyar waya ce, ta ajiya, da aka rubuta wa rauta da hannu, aka ɗora mata nauyi, don kada ya dube ta muddin ta rediyo na nan. In gaisuwa ta yanke a rediyo, halo huɗu ba amsa, hanyar rediyo ta goge, sai wannan ta taso. Ko a nan ma ba zai buga waya ba sai wani ya aiko da magana ta gaske. Ya ce shirun rediyo shi ke gaya wa injin an yi rashin lafiya, ba ya buƙatar ya riƙa bugowa yana tambaya. Na ce na gane. Ya ce da na gane da ban soke ba, in sake karantawa.

Na shigar da layin. Fitilar modem ta ci gaba da ci. Muka zuba mata ido. Minti biyu cif, ta mutu.

Sai a nan na ba shi labarin Hajjo. Ya ajiye ledar gyaɗar. Ya ce saura Juma'a nawa. Na ce ɗaya. Ya ce zai rubuta wa shugaban shiri abin da ya faru, kuma sunana zai fito, ba makawa. Na ce ya rubuta. Ya ce in bi ta gida in gaida mahaifiyata kafin in koma. Na bi. Ta ce na rame.

Alhamis wayar ta yi ƙara sau biyar a Kalgo, mutane ne duka. Malam Atiku ya ce masu gyara sun yi aiki daga nesa, Allah ya saka musu.

Juma'a ta huɗu aka wayi gari da hadari a gabas. Hajjo ta iso ƙarfe goma, gefen zanenta da laka. Ba ta kawo nono ba. Malam Atiku ya ɗauki kan wayar ya kara mata a kunne don ta ji sautin lafiya, ya ce yau kam sai dai in wancan bai bugo ba.

Goma da rabi iska ta taso. Goma sha ɗaya saura minti takwas ruwa ya sauko, fitilar rediyo ta koma ja. Na ƙirga a raina. Daƙiƙa arba'in, hanyar Gwandu ta goge daga allo, ta ajiyar ta taso. Daidai yadda aka rubuta. A ɗaya ɗakin Lami na aika rahoton mako, wanda dole ya isa kafin masallaci. Modem ya yi ƙara, ya kama layi.

Wannan karon injin bai yi laifi ba. Aikin da aka kawo shi dominsa yake yi.

Na je wurin Lami na ce ta tsaya. Ta ce saura shafi shida, shugaba zai tambaye ta. Na ce ta ce ni ne. Ta dube ni, ta dubi benci, ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ban zare igiya ba, na ga abin da zarewa ke jawowa. Na tsaya gaban akwatin ina kallon ƙidaya. Tana hawa. Goma ta wuce ba ta koma farko ba. Sittin. Casa'in. Ruwa na dukan kwano har ba ka jin janareta. Ɗari da ashirin, fitilar ta mutu.

Ƙarfe goma sha ɗaya da minti ɗaya. Na fito.

Muka zauna mu huɗu. Da kwata. Da rabi. Lami ta fara duban agogo. Malam Atiku na jan carbi. Sha biyu saura minti ashirin wayar ta yi ƙara.

Hajjo ba ta miƙa hannu ba. Ta ce a fara ji, ko abin nan ne na rannan. Malam Atiku ya ɗauka. Ya yi sallama, aka amsa. Na ga fuskarsa ta saki, sannan ta sake ɗaurewa. Ya daɗe yana cewa to, to. Ya rufe bakin wayar da tafi.

Ba Hamidu ba ne. Wani ne Malam Yusufu, mai shagon buga waya a Agege, mutumin Argungu. Ya ce yaron ya zo Juma'a uku, kowace ya yi fiye da awa yana gwadawa, kullum layi a kame. A ta ukun wani da ke jiran layi ya ce masa waya ba ta kamuwa haka sati uku, sai in an ɗage kanta an ajiye gefe da gangan. Ranar Talata yaron ya bi wata mota da ke zuwa gabas, wajen iyakar Kamaru, bai faɗi gari ba. Shi Malam Yusufu abin ne ya tsaya masa a rai, ga lambar a rubuce jikin bangon shagonsa, ya ce bari ya gwada sau ɗaya.

Malam Atiku ya faɗa mata duka, da Fillanci, a hankali. Ta saurara. Ta miƙa hannu, ya ba ta.

Ba ta ce halo ba. Ta gaida mutumin, ta tambaye shi gida, ta tambaye shi aiki da ruwa, ta jira ya amsa kowace. Sannan ta ce:

"In ka gane shi, ko wanda ya san shi, ka ce mai na zo. Huɗu na zo. Ka ce ma Hamidu na amsa."

Lami ta sunkuyar da kai. Malam Atiku ya daina jan carbin.

Mutumin ya ce zai faɗa wa direbobi. Ya ce ba ya alkawari, motocin gabas ba kullum suke biyowa ta wajensa ba. Ta yi masa godiya. Ta miƙa wa Malam Atiku kan wayar, ba ta san yadda ake ajiyewa ba.

Ruwa ya tsagaita. Lami ta koma kan shafukanta shida, modem ya sake kama layi, ba wanda ya damu. Hajjo ta sa takalmanta. Na ce zan raka ta bakin hanya. Malam Atiku ya dube ni, don ban taɓa raka kowa ba.

Muna tafe muna kauce wa kududdufai na gaya mata. Na ce Inna, wayar ba lalacewa ta yi ba, ni ne. Na ba ta labarin akwatuna biyu da gaisuwarsu, da takardar, da biron. Na gaya mata na sani tun Juma'a ta biyu. Wannan ne ya fi wuyar fita. Ban san nawa ta gane ba. Ba ta katse ni ba, ba ta rage tafiya ba.

A bakin hanya ta tsaya tana duban inda motar Wurogauri ke fitowa. Na jira ta zage ni, ko ta ce ta yafe. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Su injinan," ta ce, "yanzu sun bar gaisawa?"

Na ce a'a. Suna yi, ta wata hanya. Yanzu dai ruwa ya yanke ta, amma in gari ya washe za su ci gaba.

"To," in ji ta.

Motar ta zo, a-kori-kura ce cike da buhuna. Yaron mota ya ja ta sama. Na ce Allah ya kiyaye hanya, Inna. Injin motar na ƙara, ban sani ba ko ta amsa.